Mu Kewaye Makarantarmu da Shingen Lalle



A wannan makon muna so mu kawo shawara a kan shingen makarantarmu. Duk wanda ya zagaya ta bayan azuzuwa ya san wayar da aka kewaye mu da ita ta tsinke a wurare da dama. Awaki na shigowa su cinye abin da muka shuka a gonar makaranta, masu babur kuma sun mayar da filin ƙwallonmu hanya. Katangar bulo kuɗi take so, kuma mun san ba yau za a same su ba. Amma akwai shingen da za mu iya yi da hannunmu, wato shingen lalle.

Da yawa daga cikinmu garin lalle kawai muka sani, wanda ake saye a ƙulle a leda lokacin Sallah ko biki. Alhali lalle itace ne mai rai. Masana tsirrai suna kiransa Lawsonia inermis. Tsayinsa kan kai mita 2 zuwa 6 idan an bar shi, kuma yana fitar da rassa da yawa tun daga ƙasa. Ganyensa ƙanana ne, suna fitowa biyu-biyu suna kallon juna. Idan ya manyanta, bakin ƙananan rassansa kan yi tsini kamar ƙaya. Wannan ne ya sa idan aka dasa shi kusa da kusa yake zama shingen da dabba ba ta son kutsawa.

Furensa kuwa shi ne abin da mutane suka fi mantawa da shi. Ƙanana ne, farare ko masu ɗan ja-ja, suna fitowa cunkus a kan reshe, kowanne da kunnuwa huɗu. Ƙamshinsu yana da ƙarfi, har a Indiya turare ake yi da su. Bayan furen sai 'ya'ya su fito, ƙanana masu kama da ƙwayar wake, cike da iri.

Me ya sa muka zaɓi lalle a kan furannin da ake sayarwa a bakin titi? Domin lalle ɗan ƙasar zafi ne. Yana son rana sosai, yana yi a ƙasa mai yashi, kuma yana jure fari. Shi ya sa ake noma shi a Misira, Sudan, Nijar, arewacin Najeriya da yankin Rajastan na Indiya, duk wuraren da ruwan sama bai cika yawa ba. Idan yana samun ɗan ruwa, kore shar yake zama duk shekara. Idan rani ya yi tsanani yakan zubar da ganye, amma da ruwa ya sauka sai ya sake tohowa. Dashensa ma ba wuya. Ana shuka irinsa, ko a yanko reshe a soka a ƙasa mai laima ya yi saiwa. A unguwanninmu akwai gidajen da suke da lalle a tsakar gida ko a garka, kuma ba ma jin za su hana mu reshe biyu ko uku.

Akwai kuma darasi a cikinsa. A ganyen lalle akwai wani sinadari mai suna lawson, wanda yake kama fata, farce da gashi, ya ba su launin ja. Launin lalle na asali ja ne, ko ja mai duhu. Baƙin zanen da yake kamawa cikin 'yan mintuna yawanci daga dayis ne, kuma akan samu sinadarin PPD a ciki, irin na rinin gashi. Wannan sinadari yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, wani lokaci ya bar tabo. Yarinyar da ta ga ganyen lalle da idonta, ta shanya shi, ta daka, ba za a ruɗe ta da jabu ba.

Mun san wasu maza za su ce lalle kayan mata ne. To, akuyar da ke cinye mana alayyafo ba ta tambayar na maza ne ko na mata. Ban da haka, dattawa maza da yawa suna sa lalle a gemu. Wasu kuma za su ce da Sallah ta matso za a tsige ganyen tas. Gaskiya ne za a so a tsinka, amma lalle yana ƙara cika idan ana rage masa kai. Abin da ake bukata shi ne a sa lokacin yanka, a ƙarƙashin kulawar malamin aikin gona, ba kowa ya tsinka yadda ya ga dama ba.

Saboda haka muna roƙon shugaban makaranta ya ba mu izini. Kowane aji a ba shi yankinsa na shinge. Da farkon damina kowane ɗalibi ya kawo reshe ɗaya, mu dasa a ranar aikin gayya. Mu kare su da ƙaya har su yi ƙarfi, domin awaki ba sa raga wa ƙaramin tsiro. Da rani kuma a tara ruwan alwala da ke malala a banza, monitoci su tsara masu ban ruwa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu 'yan aji biyu ne. Idan muka dasa a wannan damina, muna fatan kafin mu gama makarantar nan mu ga shingen ya haɗe, mu kuma ji ƙamshin furensa a wurin asambuli. Duk ajin da ya shirya, ya ba monitansa sunayen masu kawo reshe kafin ranar Juma'a.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, ɓangaren aji biyu