Har Yaushe Za Mu Tsaya A Bakin Get?



Kwanakin baya na raka ɗan ƙanwata neman aiki a wata masana'anta da ke Agbara. Maigadin da ya buɗe mana ƙofa Bahaushe ne, masu lodin tirela namu ne, haka ma mai shayin da ke gefe. Amma da muka shiga ciki, inda injuna ke aiki, ban ji wanda ya ce mana sannu da Hausa ba. Jami'in ɗaukar ma'aikata ya tambayi yaron me ya iya, sai ya ce: "Kowane irin aiki." Nan take na san mun yi asarar kuɗin mota.

Mai karatu, wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ba baƙi ba ne mu a aikin masana'anta. Tun 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, Kaduna, kuma iyayenmu da dama sun yi aure, sun gina gidaje da albashin Bompai da Sharaɗa a Kano. Da masaƙu suka durƙushe, har babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007, sai muka kwararo kudu muka rungumi dako da gadi da acaɓa. Ba na raina sana'ar kowa, halak ce. Sai dai mun ga abin da ya faru a 2022, lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi: dare ɗaya magidanta suka rasa abin kai wa gida.

Alhali ga masana'antu nan kewaye da mu a Ikeja, Ota, Shagamu da Agbara. Ga kamfanin simintin Ɗangote a Ibese, ga matatar mansa a Lekki da aka ƙaddamar a 2023. Wasu cewa suke yi ai na ɗan uwanmu ne, dole a ɗauke mu. Ina! Inji bai san yare ba. Mai walda ake nema, da mai haɗa wutar lantarki, da makaniken inji, da mai tuƙa motar ɗaga kaya, kuma kowanne da takardar shaida a hannu.

Na sani akwai son kai, akwai kuma 'yan kwangilar da ke ɗaukar lebura na wucin gadi su sallame shi ran da suka ga dama. To amma wa suka fi yi wa haka? Wanda ba shi da komai sai ƙarfinsa.

Shawarata ga iyaye: yaron da ya gama ƙaramar sakandare a kai shi makarantar koyon sana'a, ya zana jarrabawar NABTEB. Wanda ya riga ya koyi walda ko wayarin a bakin titi, ya je ma'aikatar ƙwadago ya yi gwajin sana'a ya karɓi takarda. Hukumar ITF ma tana horar da matasa. Sarakunan Hausawa da attajiranmu na goro da shanu da canji, in kowane zango zai ɗauki nauyin yara goma a shekara, wallahi da an ga canji.

Ɗan ƙanwata dai ya fara koyon aikin lantarki. Allah Ya sa mu dace, amin.