Aikin Hannu Ko Tsintsiyar Kasuwa?

Duk wanda ya yi makarantar firamare a ƙasar nan ya san abin da ke faruwa idan ƙarshen zango ya gabato. Malami zai ce kowane yaro ya kawo aikin hannunsa ranar Litinin. Yaro ya koma gida ya gaya wa uwarsa, ita kuwa ta kwance bakin zane ta ba shi kuɗi, ya biya ta kasuwa ya sayo tsintsiya ko mafici. A wasu wuraren ma an ɗauke masa wahalar zuwa kasuwa, kuɗin kurum zai miƙa a rubuta masa maki. Daga Tudun Wada ta Gusau har zuwa Tsafe da Bunguɗu, ba mu tsammanin akwai uban da zai ce bai san da wannan ba. Abin da ya dame mu shi ne darasin da yaro ɗan shekara 8 ke ɗauka a nan: maki abin sayarwa ne, kuma aikin wani yana iya zama nasa muddin ya biya.

Alhali kuwa yaran nan gwanaye ne tun kafin su shiga aji. Ku leƙa lungunan Tudun Wada da kaka, bayan an girbe dawa, za ku tarar sun fere kara sun haɗa mota mai ƙafafu huɗu, har da mazaunin direba. Wasu na yanka gwangwanin madara suna yin babbar mota ta langalanga. Da damina su ɗebo laka su gina shanu da raƙuma, 'yan mata kuma suna gefen iyayensu suna koyon saƙar faifai da ɗinkin hula. Yaron da ya daidaita ƙafafun motar kara har ta yi tafiya ba karkata, ai ya yi awo, ya yi lissafi, ya gwada ta ƙi ya sake. Amma da zarar ya sa kayan makaranta sai a nuna masa cewa duk wannan wasan banza ne, ilmi shi ne abin da aka kwafo daga allo.

Ba haka aka faro ba. Makarantar da Ɗan Hausa, wato Hans Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909 tana da sashen sana'a, inda ake koyar da dukanci da ƙira da sassaƙa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ita ma ta sa horar da hannun yaro cikin burin firamare. Sai dai ta zo ne shekara guda bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976, lokacin da yara suka cika azuzuwa maƙil, aka yaye malamai cikin gaggawa, sa'ar aikin hannu ta koma ta sharar fili.

Za a ce mana babu kuɗin sayen fenti da takardun zane. Mu kuwa ba su muke nema ba. Yumɓu, kaba, kara, fasasshiyar ƙwarya da guntayen fatar da dukawa ke zubarwa, nawa ne kuɗinsu? Ku ciro takardar Naira 20 ku dubi bayanta. Matar nan da ke ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, wadda ta koyi sana'ar a gida tun tana yarinya, ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, cikin 1954, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa cikin 1977. Da ƙasar da ake takawa ta fara.

Akwai kuma iyayen da ke ƙyamar darasin saboda zanen siffar mai rai, kuma bai kamata a yi musu dariya ba. Sai dai fasahar Bahaushe ba a kan siffa ta ginu ba. Muna da dagi, da askar da ke gaban babbar riga, da adon soro, da zanen ƙwarya, da zayyanar allon da almajiri ke riƙewa ranar saukarsa. Wannan kaɗai ya ishi yaro shekara shida bai ƙure shi ba.

Masaƙar Gusau da iyayenmu suka ci abinci a cikinta ta daɗe a rufe, marina da masaƙa suna tsufa ba magada. Garin kuma ya cika da yaran da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka, waɗanda suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Irin wannan yaro, in bakinsa ya kasa magana, sau da yawa hannunsa yakan yi ta a kan yumɓu.

Don haka, 'yan'uwa ɗalibai, musamman masu shirin fita koyarwa, da ku samarin ma'aikata da takardun makarantu ke bi ta teburinku, roƙonmu ƙarami ne. Kada a ba da maki sai ga abin da yaro ya yi a aji, malami yana kallo, ko da ya fito a karkace. Hedimasta ya je da kansa ya gai da baduku ko mai ginin tukwane na unguwa, ya roƙe shi sa'a guda a mako, a kuma ba shi ɗan hasafi daga kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai. Ranar ba da sakamako a shimfiɗa tabarmi, a jera kayan da sunan kowane yaro a jiki, a kira iyaye su zo su gani.