Ragon Layya Daga Ranar Yaye Ake Gina Shi: Darasi Ga Makiyayan Bagudo

A watan Mayun 2025, ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi daga ƙasarta. Kasuwannin Kebbi sun ji a jikinsu, domin raguna da yawa daga can suke shigowa. Mutanen Tsamiya, Lolo, Illo da Kaoje, da ke bakin iyakar Benin, sun riga sun san halin iyaka tun rufewar 2019: yau a buɗe, gobe a rufe. Wanda ya yi kiwon nasa a gida shi ke cin kasuwa. Sai dai yawancinmu a wajen yaye muke tafka asara.

Ɗan rago ko ɗan akuya ana haihuwarsa ne da tumbin da bai fara aiki ba. Abin da ke tayar da tumbin shi ne dusa da harawa. Idan aka raba shi da nono rana ɗaya bai saba da su ba, sai ya ƙi ci, ya rame, zawo ya biyo baya. Wanda ya tsumbure a nan, da wuya ya kamo 'yan uwansa.

Saboda haka, tun yana mako 2 zuwa 3, a keɓe masa lungu mai ƙaramar ƙofa wadda uwar ba za ta iya shiga ba. A zuba dusar masara, tunkuza kaɗan, ganyen harawar wake ko ta gyaɗa, ɗan gishiri, da ruwa mai tsabta. Kaɗan-kaɗan, a canza kullum. A yaye shi wajen wata 3, amma sai an ga yana ci sosai yana tuƙa. Ranar yaye uwar za a ɗauke, shi a bar shi inda ya saba. Kada a haɗa yaye da dandaƙa ko kai shi kasuwa.

A kula da abu biyu na yankinmu. Benin ƙasar auduga ce, ga angurya nan kusa, amma tana da guba ga ƙaramin da tumbinsa bai ƙosa ba. A bar wa manya. Dusar shinkafar fadamarmu kuwa, in ƙaiƙayi ya yi mata yawa, cika ciki kawai take yi.

Garke ya zama busasshe, don laima ke kawo zawo. A nemi malamin dabbobi ya yi rigakafin PPR, cutar nan mai majina da zawo, musamman tunda dabbobi na ƙetare iyaka suna cuɗanya.

Ƙungiyoyi kuma ku haɗa kuɗi ku sayi harawa da dusa tun da kaka, kafin rani ya tsauwala farashi. Da sanyin safiya ake kama fara.