ƘWANNAFI DA MAI AZUMI

Masu karatu da yawa sun tambaye mu game da ƙwannafin da ke damunsu a watan Ramalana.

Likitoci sun bayyana cewa akwai wata 'yar ƙofa a tsakanin tumbi da hanyar da abinci ke bi. Idan ta yi sanyi, ruwan tsamin tumbi sai ya riƙa tasowa yana zaizaye ƙarshen hanyar har ya yi gyambo. Ƙiba da taba da maiƙo suna jawo haka, balle cika tumbi da sahur a koma barci nan take, alhali hadisin Miƙdamu da Tirmizi ya ruwaito ya hana cika ciki.

A bar awa 3 tsakanin ci da kwanciya, a ɗaga kan gado. Likita yakan ba da omeprazole na mako 8, kuma shansa kafin sahur ya wadatar. Jiƙa kanwa ba ya warkar da gyambo. Wanda haɗiya ke yi masa wuya ko ya yi aman jini, ya tafi asibiti, an yi masa rangwamen ajiye azumi.

Abin da ya taso bai kai baki ba, azumi yana nan. In ya kai, a tofar. Wanda ya haɗiye da gangan ya rama.