Ba laifin Hajiya ba ne da filash ya fita

Ranar wata Alhamis, ana saura kwana biyu a biya albashi, aka kira ni wani ƙaramin ofis a nan Yamai inda nake duba musu kwamfutoci jefi-jefi. Na tarar da mai lissafin kuɗinsu, wata dattijuwa da kowa ke kira Hajiya, ta rafka tagumi, shugaban ofis kuma sai faɗa yake. Laifinta shi ne filash ya fita daga jikin kwamfuta tana cikin aiki. Ba ma zarewa ta yi ba, gefen mayafinta ne ya kama shi da za ta tashi salla. Komai ya ƙame, da aka kashe aka kunna kuma takardar albashin ta ƙi buɗuwa.

Na ce mata, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba ke ba ce." Shugaban ya ce, to wa ke nan? Na ce, "Ranka ya daɗe, da ni da waɗanda suka rubuta manhajar." Har gobe a kan wannan magana nake.

Manhajar lissafinsu tsohuwa ce, ba ta tashi sai a kan tsohon Windows. Shi ya sa na gina musu kwamfuta a cikin kwamfuta: ta gasken ita ce mai masauki, ta cikin kuma baƙuwa ce, manhaja ce zalla amma tana ɗaukar kanta cikakkiyar kwamfuta. Duk abin da baƙuwar ke gani, faifan ajiya ne ko katin intanet ko filash, mai masauki ne ya miƙa mata. Tsakaninta da kowace na'ura kuma akwai ƴar manhajar da ake kira direba. Sunan ya dace, domin shi ke tuƙa na'urar: ya ba ta umarni, ya jira amsa, ya kai wa na sama labari.

Na'ura na barin kwamfuta ta hanya biyu. Akwai tafiya da sallama. A QEMU misali, wadda Fabrice Bellard ya fara a 2003, idan mai kula ya ba da umarnin cire wata na'urar PCI, roƙo ake aika wa baƙuwar, ita kuma ta kammala abin da ke hannunta, ta saki, sannan a cire. Akwai kuma tafiya ba sallama: waya ta goce, na'ura ta mutu, wani ya fizge. Ra'ayina shi ne direban da ya iya ta farko kaɗai, rabin aiki aka yi masa, bai kamata a sake shi ga jama'a ba.

Me ke faruwa a ciki idan na'ura ta ɓace? A kan layin PCI, idan direba ya karanta daga na'urar da babu ita, ba a ce masa "ba ta nan". Lamba ake ba shi wadda duk gurabenta ɗaya ne, ɗaya-ɗaya har talatin da biyu. Direba mai hankali ya san wannan alamar rashi ce. Wanda aka rubuta da gaggawa kuwa sai ya ɗauka na'urar ce ke ɗaga masa dukkan tutocinta a lokaci guda, ya shiga amsa kiran da ba wanda ya yi, yana ta zagaye ba fita. Wani direban kuma ya aika saƙon "rubuta wannan", ya zauna jiran amsar da ba za ta zo ba har abada, kamar mai jiran mota a tashar da aka tashe ta tun bara. Duk manhajar da ke bayansa ta shiga layi. Alamun da na gani a kwamfutar Hajiya irin wannan jiran ne. Na uku ya fi muni: an riga an kwashe wurin ajiyar da aka ware wa na'urar a ƙwaƙwalwa, an bai wa wani, direba kuma ya dawo yana rubutu a ciki. Nan ba ƙamewa kaɗai ba ce, ɓarna ce, wani lokaci ma ƙofa ce ga masu kutse.

Ba na cewa aikin mai sauƙi ne. Direba zai iya dubawa ya ga na'ura na nan, kafin ya ƙifta ido ta tafi. Wani sa'in ma aikin cirewar ya riga ya fara cikin lumana, direba na jiran saƙonnin da ke hanya su dawo, a daidai lokacin na'urar ta ɓace. Mai sallamar ya maƙale, ba kuma wanda zai zo ya gaya masa. Direbobin virtio, waɗanda Rusty Russell ya tsara musamman don irin waɗannan baƙin kwamfutoci, sun shiga Linux tun 2008, amma sai a 2021 aka saka wa ɓangarensu na PCI gyaran da zai gane cirewar ba-zata. Fiye da shekara goma ke nan, kuma ba ragwaye ne ke aikin ba. Sai dai wuyar abu ba ta mayar da shi laifin mai amfani.

Akwai masu cewa, ai bayanin da bai kai ga faifai ba ya tafi, ko wane irin direba ne. Gaskiya ne, ban musa ba. Ba direban da zai rubuta a kan abin da ba ya nan. Amma da bambanci tsakanin a ce maka "layi biyar na ƙarshe ba su shiga ba, na'urarka ta fita" da kuma kwamfuta ta yi shiru ta ƙame har sai ka danne maɓallin kashewa, ka jawo wa sauran takardun da ke buɗe abin da bai shafe su ba. Abin da ake nema a wurin direba bai taka kara ya karya ba: ya daina taɓa na'urar, ya mayar da kowane saƙo da ke jira da amsar "ya gaza", kada ya yi jiran da ba shi da wa'adi. Windows ta tanadi sanarwa ta musamman don cirewar ba-zata tun Windows 2000, Linux kuma na da amsar ENODEV, ma'ana babu na'urar. Kayan aikin na nan, amfani da su ne ake wa ƙiwa.

Ita kanta Microsoft ta bi wannan hanya. Daga Windows 10 fitowa ta 1809, ta mayar da saurin cirewa ya zama tsarin farko ga filash da faifan waje, wato ba a tara rubutu a ƙwaƙwalwa ana jinkirta shi. An rage ɗan gudu, an sayi kwanciyar hankali. Sun gane cewa mutane za su ci gaba da fizgewa, ko an yi musu wa'azi ko ba a yi ba.

Wasu kuma na cewa abin ba ya yawan faruwa. Wataƙila a ɗakin da ke da sanyi da wutar da ba ta ƙiftawa. Mu nan fa? Yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, ramukan USB sun saki, ƙurar hunturu ta cika su. Ga wadda ta fi kowacce: a ɗauke wuta, kwamfutar cinya ta ci gaba da batirinta, faifan waje mai jona wutarsa daban ya mutu nan take. A wurin direba wannan cirewar ba-zata ce tsantsa, ba kuma wanda ya taɓa komai. A watannin zafi sau nawa hakan ke faruwa a yini? Kowa ya ƙirga nasa.

Nawa laifin shi ne ban gwada ba. Na haɗa komai, na ga yana tafiya, na karɓi kuɗina na tafi. Wanda zai miƙa wa ofis irin wannan tsari ya kamata ya fizge na'urar da hannunsa tana tsakiyar rubutu, a gaban masu ofis, kowa ya ga abin da zai biyo baya. Mai biyan kuɗin ma yana da haƙƙin ya ce sai an yi hakan kafin ya sa hannu.

Washegari na koma da takardar gwaji, na fizge filash ɗin sau goma, sau uku baƙuwar ta ƙame. Na mayar da takardun albashi kan faifan cikin kwamfuta, filash ya koma na ajiye kwafi da yamma kawai, na kuma jona shi ta baya inda mayafi ba ya kaiwa. Hajiya ta sake shigar da lissafin mutum ashirin da ɗaya daga takardun hannu, ni ina karanto mata, ba mu tashi ba sai bayan isha'i.