Gargaɗi a kan alƙalin da ya yi hukunci ba a huruminsa ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, wannan takarda ce daga ɗan'uwanku a Daura ta ƙasar Karaye, a bisa shari'ar sarautar Kano.

Ku sani mu mutanen Karaye da Rogo ba labari muka ji ba, a kanmu aka yi. A 2019 Gwamna Ganduje ya sa hannu a doka, aka ba Karaye sarkin yanka tare da Bichi da Rano da Gaya. Cikin Nuwamba Alƙali Usman Na'abba ya rushe dokar don ba a bi ƙa'ida wurin yin ta ba, cikin Disamba majalisa ta sake yin ta. Ran 23 ga Mayu 2024 majalisa ta soke ta, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya mayar da Muhammadu Sanusi II. Cikin Yuli aka sake kafa masarautar Karaye da daraja ta biyu, ƙasarta Karaye da Rogo kaɗai.

Ban ɗauki alƙalami don in ce wane ya fi wane cancanta ba. Kukana shi ne wannan: Alƙali Abdullahi Liman na Babbar Kotun Tarayya ya ce a dakata da zartar da sokewar, bayan 'yan kwanaki Alƙaliya Amina Adamu Aliyu ta Babbar Kotun Jiha ta hana Aminu Ado Bayero da sarakunan nan huɗu kiran kansu sarakuna. Sai aka wayi gari sarki yana Gidan Rumfa, sarki yana gidan Nasarawa, kowa da takardar alƙali a hannu.

Wanda ya karanta babin alƙalanci cikin Muhtasar ya san shugaba yana iya keɓe alƙali da wata nahiya ko da wani nau'in shari'a. In ya ƙetare abin da aka keɓe shi da shi, hukuncinsa ba ya zartuwa, ko da malami ne adali. Dokar Nijeriya ma haka take.

In ka ce ai a kan haƙƙin ɗan Adam aka kai ƙara, sai in ce an riga ka. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke, cikin ƙarar Umaru Abba Tukur Sarkin Muri da aka tuɓe, cewa in asalin rigima sarauta ce, Babbar Kotun Tarayya ba ta da hurumi, ko da an sa wa ƙarar rigar haƙƙi. Ran 10 ga Janairu 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta faɗi haka a kan ta Kano, sannan aka kai maganar Kotun Ƙoli. Amma da Sanusi ya yi ƙara a kan kora tasa zuwa Awe, bai nemi gado ba, walwalarsa ya nema, kotun tarayya ta ba shi gaskiya a 2021. Ku bambance waɗannan biyu.

Abin kunya shi ne na ji almajiran ilimi suna kabbara in umarni ya faɗo wa nasu, in ya faɗo wa ɗayan su ce an sayi alƙali. Wannan son zuciya ne, ba fiƙihu ba. In manya suna zaɓen alƙalin da zai faɗi abin da suke so, gobe wa zai tsare wa maraya gonar ubansa a Rogo?

Don haka kada ɗayanmu ya karanta wa jama'a hukunci a zaure ko a kan mumbari sai ya tambaya tukuna: wa ya ba wannan alƙali wannan shari'a?

Allah ya ba mu alƙalai masu tsayawa inda aka tsayar da su. Haza wassalam.