Matambayi Ba Ya Ɓata, Sai In An Rufe Masa Ƙofa

Jama'a, akwai wata doka a zaurukan tambaya da amsa na masu rubuta manhajar kwamfuta wadda na daɗe ina ƙorafi a kanta. Dokar ita ce: duk tambayar da amsarta ta dogara ga ra'ayi, a rufe ta. Ni a ganina wannan doka, yadda ake zartar da ita, ta fi cutar da mai koyo fiye da yadda take kare zauren.

Babban misali shi ne Stack Overflow, wanda Jeff Atwood da Joel Spolsky suka kafa a 2008. Tsarinsa mai sauƙi ne: ka yi tambaya, a ba ka amsoshi, jama'a su kaɗa ƙuri'a, amsa mafi kyau ta hau sama. Wanda ya tara maki 3,000 yana da ikon kaɗa ƙuri'ar rufe tambayar wani. Da can sai mutum biyar sun haɗu ake rufewa, amma a ƙarshen 2019 aka mayar da su uku. Tun 2013 kuwa, cikin dalilan rufewa akwai wanda ke cewa tambayar ta ra'ayi ce. Da zarar an rufe, ba mai ikon ƙara amsa.

Ban ce masu dokar ba su da hujja ba. Kowa ya san yadda gardamar Vim da Emacs take, shekara da shekaru ana yi, ba wanda ya taɓa sauya wa wani ra'ayi. A 2011 Atwood da kansa ya kwatanta irin waɗannan tambayoyi da mai cewa: in gwaggon biri da kifin shak suka yi faɗa, wa zai yi nasara? Ba wanda ke bukatar amsar, kuma ba ta da ƙarshe. Na yarda, irin wannan a rufe ta, ba asara.

Amma don Allah a duba wannan. Yaro a Damagaram ko Maraɗi ya koyi Python da wayarsa da ɗan kuɗin data. Wani mai shagon magani ya ba shi aikin manhajar lissafin kaya. Sai ya tambaya: shagon kwamfuta ɗaya gare shi, wuta tana ɗaukewa, intanet ba tabbas, shin SQLite ya fi dacewa ko PostgreSQL? Wannan fa ba faɗan biri da kifi ba ne. Amsar ba ɗaya ba ce kamar biyu a tara da biyu, amma wanda ya yi shekara goma a sana'ar zai warware masa cikin layi biyar, ya kuma faɗi dalili. In mutum uku suka ga kalmar "ya fi" suka danna rufewa, me aka kare?

Wanda ke aiki a babban kamfani a Amurka ko Faransa, in aka rufe masa tambaya, sai ya juya kujera ya tambayi na kusa da shi. Yaronmu wa zai juya ya tambaya? Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. To, wannan hangen na babba shi ne ake kira ra'ayi. Duk wanda ya zauna gaban tela ko bakanike ya san ba da littafi kaɗai ake koyon sana'a ba. Rabin ilimin yana cikin "ni dai da ni ne, ba zan yi haka ba, ga dalili".

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne su kansu masu zauren sun san haka. A 2010 Robert Cartaino, ɗaya daga cikin ma'aikatansu, ya rubuta bayani ya raba ra'ayi gida biyu, mai amfani da marar amfani. Mai amfani shi ne wanda ke bayyana yadda abu yake da dalilinsa, ya fito daga abin da mutum ya gani da idonsa, kuma aka kafa shi da hujja. Wannan ma'auni ne mai kyau, sai dai yana bukatar a karanta tambaya a yi tunani. Danna maɓalli kuwa daƙiƙa biyu ne. A 2018 kamfanin ya fito fili ya amince cewa sababbin shiga da yawa ba sa jin an marabce su.

Yanzu ga inda aka kwana. ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, kuma tambayoyin da ake yi a zauren, waɗanda da ma sun fara raguwa, suka ƙara zubewa. Ba abin mamaki ba ne. Tambayar da ke da amsa ɗaya tak, inji zai amsa ta nan take, ba tsawa ba wulaƙanci. Abin da inji ba shi da shi shi ne ya ce maka: na gwada wannan a aikin gaske, ga inda ya kayar da ni. Wato kayan da ɗan Adam ya fi inji da su, su ne aka yi shekaru ana kora daga kasuwa. An yi gudun gara, an tadda zago.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da nake kira a yi guda uku ne. Na ɗaya, a auna amsa, ba tambaya ba: wanda ya kawo ra'ayi ba dalili, a goge nasa, a bar na masu hujja. Na biyu, kafin a rufe, a tambayi mai tambaya halin da yake ciki, don sau da yawa layi biyu na ƙarin bayani ke mayar da "wanne ya fi" tambaya mai amsa. Na uku, wanda ya kaɗa ƙuri'ar rufewa ya rubuta dalilinsa da hannunsa.

Mu kuma da muka fara buɗe irin waɗannan zauruka da Hausa a WhatsApp da Telegram, kada mu kwaso dokar wasu tare da ciwonta. In yaro ya ce wanne ya fi, kada a ce masa ba a yin wannan tambaya a nan. A ce masa: me kake son ginawa?